Yadda Hatsin Ots Ke Shan Fosfaras da Yadda Ya Ke Aiki da Shi

Gabatarwa

A cikin abubuwan da tsiro ke buƙata daga ƙasa, guda uku ne a kan rubuta ƙarfinsu a jikin buhun takin zamani, watau naitirojin da fosfaras da fotashiyam. Manoma sun fi sanin na farkon, domin aikinsa a fili ya ke: a zuba yau, kafin mako ya zagayo gona ta yi kore shar. Na biyun kuwa a ɓoye ya ke aikinsa, a ƙarƙashin ƙasa da kuma cikin jikin tsiro, ba a cika ganin sakamakonsa ba sai ranar girbi. Shi ya sa a kan yi kuskure game da shi. Wani ya kan zuba shi a makare, wani ya watsa shi nesa da saiwa, wani kuma ya yi ta jibga shi shekara da shekaru har ya malala cikin kogi.

Wannan lacca ta ɗauki hatsi guda ɗaya, watau ots, domin ta bi sawun fosfaras tun daga inda ya ke maƙale a cikin ƙasa har zuwa inda ya ke tarewa a cikin ƙwaya. Abin da binciken masana na sama da shekara 100 ya nuna shi ne, makonnin farko na rayuwar wannan hatsi su ne ke yanke hukunci. Fosfaras ɗin da ya samu yana ƙarami shi ne ke ƙayyade yawan 'ya'yan da zai yi da yawan ƙwayar da zai ɗauka, kuma abin da ya rasa a lokacin nan, takin da aka zuba daga baya ba ya biyan sa duka.

1. Ots da ƙasashen da a ke noma shi

Ots hatsi ne na ƙasashen sanyi, dangin alkama da sha'ir. Sunansa a wajen masana tsirrai Avena sativa. Mutanen ƙasar Hausa sun fi saninsa a cikin gwangwani, irin na Quaker Oats, wanda a kan dama kamar kunu. Kansa ba dunƙulalle ba ne kamar na gero. A warwatse ya ke, ƙwayoyin suna reto a jikin 'yan siraran rassa, ya fi kama da kan shinkafa. Asalinsa ciyawa ce da ke fitowa a gonakin alkama da sha'ir. Da noma ya yaɗu zuwa arewacin Turai, inda sanyi da laima suka yi wa alkama yawa, sai mutane suka mai da shi abin shukawa.

A shekarar 1961 duniya ta noma kusan tan miliyan 50 na ots. Zuwa 2020 abin ya ragu zuwa wajen rabin haka, domin dawakin noma da na sufuri, waɗanda su ne manyan masu cinsa, motoci sun maye gurbinsu. Kanada da Rasha su ne kan gaba wajen noma shi, sai irin su Folan da Finlan da Ostareliya. A yawancin waɗannan ƙasashe a kan shuka shi da zarar ƙanƙara ta narke, a girbe shi bayan wata uku zuwa huɗu.

Ots ya fi alkama da sha'ir jure ƙasa mai tsami da ƙasa maras ƙarfi. Wannan juriya ta jawo masa raini, har manoman Turai na dā suka riƙa barin sa a ƙarshen zagayen shuke-shuke, ya ci abin da sauran suka rage. Amma jurewa daban, ƙoshi daban. Gonar ots da ba ta sami fosfaras ba ba ta mutuwa, sai dai ta ba da amfani kaɗan ba tare da ta nuna dalili ba.

2. Halin fosfaras a cikin ƙasa

Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand shi ne ya fara ware fosfaras, a birnin Hambug cikin 1669, yana dafa fitsari da nufin samo zinariya. Manoman Ingila sun daɗe da lura cewa garin ƙashi yana gyara gona, amma aikinsa a hankali ya ke. A 1840 Justus von Liebig ya ba da shawara a jiƙa ƙashi da asid na farar wuta domin ya narke da sauri. A 1842 John Bennet Lawes ya yi rajistar hanyar yin takin da manoma ke kira sufa, kuma a 1843 shi da Joseph Henry Gilbert suka fara gwaje-gwajen gona a Rothamsted, tashar binciken da har yanzu ta ke aiki.

Tsiro ba ya shan fosfaras tsurarsa. Yana shan sa ne a siffar fosfet, watau fosfaras haɗe da iskar oksijin, kuma sai wanda ya narke a cikin ruwan ƙasa. A nan matsalar ta ke. Idan aka auna ƙasar saman gona mai faɗin hekta ɗaya, a kan sami ɗaruruwan kilo na fosfaras a cikinta, wani lokaci fiye da tan guda. Amma wanda ya ke narke a cikin ruwan ƙasar a kowane lokaci yawanci bai kai kilo 1 ba. Alhali kuwa ots ɗin da zai ba da tan 4 na ƙwaya a hekta yana buƙatar abin da ya kai kilo 15 zuwa 20. Ke nan tilas ƙasa ta riƙa sake cika ruwan nan sau da yawa kafin kaka ta yi.

Ina sauran ya ke? Kashi mai yawa, daga sulusi zuwa rabi ko fiye, yana cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da jikin ƙananan halittun ƙasa, ba ya fitowa sai sun ruɓe sarai. Sauran kuma ƙasa ce ta kama shi. Masana suna auna tsamin ƙasa da ma'aunin da su ke kira pH, wanda 7 ne tsakiyarsa. Idan ƙasa ta yi tsami, ma'aunin ya sauka ƙasa da 5.5, sinadarin ƙarfe da na alminiyam su kan riƙe fosfet ƙam. Idan kuma ta haura 7, kalsiyam ne ke ɗaure shi. Tsakanin 6 da 7 ne ya fi sakewa. Tun da ya ke a ƙasa mai tsami aka fi barin ots, ya kan sami kansa a inda aka fi ƙuntata wa fosfet.

3. Yadda saiwa ke nemo shi

A 1962 Stanley Barber na Jami'ar Purdue a Amurka ya fayyace hanyoyin da abinci ke bi ya isa jikin saiwa. Wani abincin, kamar naitirojin, ruwa ne ke kawo shi: yayin da ganye ke fitar da tururi, saiwa tana zuƙo ruwa, ruwan kuma yana tahowa da abin da ya narke a cikinsa. Fosfet ɗin da ke zuwa ta wannan hanya ɗan kaɗan ne ƙwarai, saboda ƙarancinsa a cikin ruwan. Mafi yawansa da kansa ya ke tsiyayowa, daga inda ya fi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kuma a kan hanya ƙwayoyin ƙasa suna ta kama shi suna saki. Tafiyarsa ba ta wuce milimita 1 zuwa 2 a cikin makonni.

Saboda haka, cikin 'yan kwanaki saiwa ta kan shanye abin da ke kewaye da ita, ta bar wani siririn zobe na ƙasa wanda ba kome a cikinsa. Ko da akwai fosfet a nisan faɗin yatsa guda, ba zai zo mata ba. Dole ita ce za ta je. Wannan ya sa yawan fosfaras ɗin da ots zai samu ya dogara ga tsawon saiwarsa da saurin miƙewarta cikin sabuwar ƙasa.

Ots yana da saiwa iri biyu. Ta farko ita ce 'yan sirara uku ko huɗu da ke fitowa daga jikin iri. Ta biyu kuwa daga gindin kara ta ke fitowa bayan ganye ya fara yawa, kuma kowane ɗa da tsiron ya yi ya kan fitar da tasa. Dukansu sirara ne masu rassa da yawa, kuma kusa da bakin kowace akwai gashi mai laushi wanda tsawonsa bai cika wuce milimita 1 ba. Gashin nan yana ratsa ƙananan kafofin ƙasa, yana faɗaɗa zoben da saiwa ke ci. A 1975 Malcolm Drew ya yi wani gwaji da sha'ir a Ingila, inda ya ba wani yanki kaɗai na saiwa fosfet mai yawa, ya bar sauran da kaɗan. Sai yankin nan ya cika da rassa, sauran ya zauna kusan tsirara. Watau saiwar hatsi tana gane inda abinci ya ke, ta tattara ƙarfinta a can.

Isa wurin fosfet wani aiki ne, shigar da shi kuma wani aiki ne dabam. Jikin tsiro an gina shi da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani, a na kiransu sel, kowane an kewaye shi da tantani. Yawan fosfet a cikin sel ɗin saiwa ya ninka na ruwan ƙasa sau 1,000 ko fiye. Shigar da shi ke nan kamar ɗora ruwa ne zuwa kan tudu, ba ya yiwuwa sai da ƙarfi. A jikin tantanin akwai wasu sinadaran furotin masu aikin famfo, suna tura sinadarin tsami waje. Yayin da tsamin ke komowa ciki ta wasu ƙofofi na musamman, sai ya ja fosfet su shige tare. A 1996 ne aka fara gano ƙwayoyin gādon da ke gina waɗannan ƙofofi a jikin tsirrai, kuma an tabbatar cewa tsiro ya kan ƙara yawansu idan yana jin yunwar fosfaras. Abin lura a nan shi ne, ƙarfin da famfon ke aiki da shi daga wani sinadari mai fosfaras ya ke fitowa. Sai da jari a ke cin riba.

Saiwa tana kuma da mataimaka. Akwai wani nau'in fumfuna da ke zaune a cikin ƙasa, wanda ke shiga jikin saiwa ya miƙa zarensa waje, ya wuce zoben da ta shanye da nisa. Yana kawo mata fosfet, ita kuma tana biyan sa da sukari. Wani masani Bajamushe, A. B. Frank, shi ya raɗa wa wannan zaman tare suna maikoraiza a 1885. Ots yana ƙulla irin wannan hulɗa, ko da ya ke bai dogara da ita kamar masara ba, saboda sirantar saiwarsa da yawan gashinta.

Sanyi yana rage dukan waɗannan ayyuka. A ƙasa mai sanyi fosfet ya fi jinkirin tsiyayowa, saiwa ta fi jinkirin miƙewa, ruɓewar ganye kuma ta kan tsaya. To, a cikin irin wannan ƙasa ce a ke shuka ots a Kanada da Finlan. Lokacin da saiwarsa ta fi ƙanƙanta ya yi daidai da lokacin da ƙasa ta fi rowa.

4. Aikin fosfaras a jikin tsiro

Idan aka busar da tsiron ots aka auna, fosfaras bai wuce kashi 0.2 zuwa 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba. Duk da wannan ƙanƙanta, babu sel ɗin da zai rayu ba tare da shi ba. Ayyukansa manya guda huɗu ne.

Na ɗaya, shi ne kuɗin da jiki ke ciniki da shi. Akwai wani sinadari da a ke kira ATP, wanda aka gano a 1929, mai ɗauke da fosfet uku a jere. Idan ganye ya kama hasken rana, ya kan yi amfani da ƙarfin ya ɗaura fosfet na ukun. Idan kuma a na son yin wani aiki, kamar gina furotin ko juya famfon saiwa, sai a ɓalle shi, ƙarfin ya fito. Fosfet ɗaya a kan ɗaura shi a ɓalle sau da yawa a cikin minti guda.

Na biyu, shi ne ƙashin bayan DNA da RNA, watau sinadaran da ke riƙe da bayanin gādo da waɗanda ke karanta shi su gina furotin. Duk inda sel ke rabuwa gida biyu, kamar bakin saiwa da tohon ganye da kan da ke ƙulluwa, sai an kwafi DNA, kuma kwafin ba ya yiwuwa sai da fosfet. Shi ya sa sassa masu tasowa suka fi tsofaffi yawan fosfaras.

Na uku, tantanin da ke kewaye da kowane sel an yi shi da wani irin kitse mai fosfet a kansa. Na huɗu, sukarin da ganye ya haɗa ba ya fita daga inda aka haɗa shi sai ta hanyar musaya da fosfet. Idan fosfet ya yi ƙaranci, sai abincin ya taru a ganye a matsayin sitaci, ya kasa isa inda a ke jiran sa.

Idan tsiro ya sami fiye da buƙatarsa ta yau, ba ya zubar da rarar. A tsakiyar kowane sel akwai wata jaka mai ruwa wadda ke aikin rumbu. A tsiron da ya ƙoshi, kusan kashi 9 cikin 10 na sakakken fosfet ɗin sel a cikin rumbun nan ya ke ajiye, a na ɗiba a hankali idan ƙasa ta gaza.

5. Daga shuka zuwa girbi

Ƙwayar iri ta kan zo da guzurinta. Da ta jiƙa, sai fosfaras ɗin da uwa ta ajiye mata ya narke, ya ciyar da saiwar farko da ganyen farko. Guzurin nan ya kan ƙare cikin mako biyu zuwa uku, lokacin da tsiron ke da ganye biyu ko uku. Daga nan sai abin da saiwa ta samo.

A daidai wannan gaɓa ne tsiron ke fara yin 'ya'ya daga gindi, kuma ba da daɗewa ba kan da zai ɗauki ƙwaya ya kan fara ƙulluwa a ɓoye, can ƙasa a cikin kara, tun yana ƙarami kamar bakin allura. Yawan 'ya'yan da za su rayu da yawan rassan kan, duk a wannan lokaci a ke tsara su. Winifred Brenchley ta gwada wannan da sha'ir a Rothamsted, ta buga sakamakon a 1929. Ta reni tsirrai a cikin ruwa mai abinci. Waɗanda ta ba fosfet a makonni shida na farko sannan ta janye, sun girma kamar waɗanda ba a taɓa hana su ba. Waɗanda ta hana a makonnin farko sannan ta ba su daga baya kuwa, kawunansu sun ragu, ba su kamo na farkon ba. Itace tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Bayan da George de Hevesy ya nuna cikin shekarun 1930 cewa a na iya bin sawun fosfaras da wani nau'insa mai fitar da haskoki, sai masana gona suka ɗauki dabarar. A 1947 J. W. T. Spinks da Stanley Barber, a lokacin suna Jami'ar Saskatchewan a Kanada, suka sa wa alkama taki mai irin wannan alama. Sun ga cewa ƙaramin tsiro ya fi dogara ga takin da aka sa kusa da shi, amma da saiwa ta bazu sai fosfaras ɗin ƙasar kanta ya rinjaya. Aikin taki ke nan shi ne ya tsallakar da tsiro daga ƙarewar guzuri zuwa ranar da zai iya nema da kansa.

Ya kamata a bambance abu biyu a nan. Lokacin da rashin fosfaras ya fi yin ɓarna shi ne farkon girma. Amma lokacin da a ke shan mafi yawansa shi ne tsakiyar girma, sa'ad da kara ke miƙewa yana yin gaɓoɓi, har zuwa ɗaukar ciki da fitar kai. Tsiron da ya kafa saiwa mai kyau tun da wuri shi ne ke iya biyan wannan babbar buƙata. A wannan lokaci nauyin tsiro ya fi shan fosfaras saurin ƙaruwa, saboda haka kason da ke cikin jikinsa ya kan riƙa sauka, kuma wannan ba alamar ciwo ba ce.

Da kai ya fito ya yi fure, sai al'amari ya juya. Tsiro yana da jijiyoyi iri biyu: masu ɗauko ruwa daga saiwa zuwa sama, da masu rarraba abinci daga ganye zuwa sauran sassa. Fosfet yana bin duka biyun, don haka yana iya barin inda aka fara kai shi. Yayin da ƙwaya ke cika, tsofaffin ganyaye su kan buɗe rumbunansu, su rushe RNA ɗinsu da tantaninsu, su aika da fosfet ɗin sama, sannan su yi rawaya su bushe. R. F. Williams ya bi wannan al'amari dalla-dalla a jikin ots a ƙasar Ostareliya, ya buga bincikensa a 1948. Ya ga cewa ots ɗin da ya sami fosfaras a wadace tun farko, kusan dukan abin da ya shiga kansa daga ganye da kara da saiwa aka kwaso shi. Wanda ya tashi cikin yunwa kuwa, ƙasa da rabi ya samu daga jikinsa, sauran dole ya ci gaba da nema a ƙasa har ƙarshe, kuma nunarsa ta kan yi jinkiri. A ƙasar da sanyin hunturu ke iya riskar gona kafin girbi, wannan jinkiri hasara ce babba.

Ranar girbi, wajen kashi uku cikin huɗu na fosfaras ɗin da ke saman ƙasa ya koma cikin ƙwaya. Kowane tan na ƙwayar ots yana fita daga gona da kilo 3 zuwa 4.

6. Halin ots a lokacin yunwa

Rashin naitirojin ya kan sa ganye ya yi rawaya, kowa ya gane. Rashin fosfaras kuwa ya kan yaudari ido. Ganye ya kan kasa faɗi, amma korensa bai ragu ba, sai ya ƙara duhu har ya yi kamar shuɗi-shuɗi. Kara ya kan yi siriri ya miƙe tsaye, 'ya'ya su yi kaɗan. Idan abin ya tsananta, sukarin da ya taru ya kan sa tsofaffin ganyaye da gindin kara su yi ja mai duhu, sannan su bushe daga baki. Daga ƙasa alamar ke farawa, domin tsiro yana kwashe na tsofaffi yana ba sababbi. Sau da yawa kuma ba a ganin ko ɗaya daga cikin alamun nan, sai dai buhunan su ragu.

A ɓoye, tsiron yana ta dabaru. Ya kan karkatar da sukari zuwa saiwa domin ta ƙara tsawo, ko da sama zai tsaya. Ya kan fitar da wasu sinadarai daga saiwa masu ɓalle fosfet daga ruɓaɓɓen abu. A 2003 masu bincike a Jami'ar Gotenbag ta ƙasar Suwidin sun gano wata dabarar a jikin ots kansa: idan ya rasa fosfet, ya kan cire babban kaso na kitse mai fosfet daga tantanin sel ɗin saiwarsa, ya maye gurbinsa da wani kitse mai sukari a kansa, ya kai fosfet ɗin inda ba shi da madadi. Waɗannan dabaru suna tsare rai, amma kowace tana cin ƙarfin da ya kamata ya tafi ga ƙwaya.

7. Abin da ke cikin ƙwaya

Mafi yawan fosfaras ɗin da ya isa ƙwaya, kashi 60 zuwa 80 cikin 100, a na ɗaure shi ne a wani sinadari mai suna fitet, wanda kowane ɗayansa ke riƙe da fosfet shida. A ɓangaren dusa ya fi taruwa. Shi ne guzurin da aka ambata a baya. Amma ga mai cin hatsin yana da illa, domin yana kama kalsiyam da sinadarin ƙarfe da zinki, ya hana hanji shan su. Cikin shekarun 1920 Edward Mellanby ya lura a Ingila cewa 'yan kwikwiyon da aka ciyar da garin ots ba tare da isasshen bitamin D ba sun fi saura kamuwa da ciwon taushin ƙashi, kuma a 1939 shi da D. C. Harrison suka nuna cewa fitet ne sanadi. Kaji da aladu ma ba su iya narkar da shi sosai, sai yawancinsa ya fita a kashinsu. Ke nan ƙara wa gona fosfaras fiye da buƙata ba ya ƙara wa abincin daraja.

8. Darasi ga manomi da hukuma

Daga bayanin da ya gabata, ƙa'idojin aiki a fili su ke. A sa fosfaras lokacin shuka, kada a jira sai alama ta bayyana. A sa shi a layi kusa da iri, inda saiwar farko za ta same shi, domin idan aka watsa shi aka cuɗa da ƙasa mai yawa, ƙasar za ta fi samun damar kama shi. Manoman Kanada da Finlan suna amfani da injin da ke zuba iri da taki a tafiya guda. Sai dai takin da ke haɗe da naitirojin, in ya yi yawa a jikin iri, yana ƙona tsiro. A ƙasa mai tsami ƙwarai kuma, zuba farar ƙasa ya kan saki wani abu daga fosfet ɗin da aka ɗaure.

A shekarar da aka zuba taki, amfanin gona ba ya shan fiye da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na fosfaras ɗinsa. Sauran bai ɓace ba, yana nan a ƙasa yana fitowa sannu a hankali. Rashin fahimtar wannan ya sa ƙasashen Turai da yawa suka yi ta tara shi a gonakinsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ruwan sama da narkewar ƙanƙara suna wanke ƙasar saman gona zuwa koguna, fosfaras ɗin ya ciyar da gansakuka, ita kuma in ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Tekun Baltik da tafkin Winnipeg na Kanada, waɗanda duka suna maƙwabtaka da ƙasashen noman ots, sun sha fama da wannan. Maganin shi ne awon ƙasa kafin zuba taki, irin wanda Bray da Kurtz suka fitar a 1945 da wanda Olsen ya fitar a 1954.

Akwai kuma batun tattali. Naitirojin daga iska a ke samo shi, amma fosfaras daga dutse a ke haƙo shi, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na ajiyar da aka sani a duniya tana hannun Maroko. A 2008 farashin dutsen ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni. Ma'aikacin da ke tsara saye da rabon taki ya kamata ya san cewa buhun sufa da ya isa hannun manomi bayan shuka da wata guda ya riga ya rasa babban rabo na amfaninsa na wannan shekara.

Ba a noman ots a ƙasar Hausa, amma ƙa'idar ta shafe ta, domin jigawar arewacin Nijeriya da kudancin Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin fosfaras. Gwaje-gwajen da aka yi da gero a tashar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, tun daga shekarun 1990, sun nuna cewa 'yan giram kaɗan na taki a cikin ramin shuka suna ƙara amfani ƙwarai, da kuɗi kaɗan. Dalilin ɗaya ne da na ots: an kai abincin bakin ƙaramar saiwa a lokacin da ba ta iya zuwa nema.

Kammalawa

An ga cewa fosfaras yana da wuyar motsi a cikin ƙasa, amma yana da sauƙin motsi a cikin tsiro. Halin farko ya tilasta wa saiwa ta bi shi inda ya ke, ya kuma sa ƙaramin tsiro a ƙasa mai sanyi ya fi kowa shiga hatsari. Hali na biyu ya ba ots damar tara shi da wuri, ya juya shi daga tsohon ganye zuwa sabo, daga bisani ya kwashe shi zuwa ƙwaya. Wanda ya riƙe waɗannan halaye biyu zai san cewa tambayar yaushe za a sa taki da ina za a sa shi tana gaba da tambayar buhu nawa za a saya.